Sakatare Zai Duba

Shekara shida na yi ina sakataren kwamitin benenmu, kuma duk ladan da na samu bai wuce biro biyu da makullin ɗakin mita ba. Ba wanda ya tilasta mini. A taron farko aka shiga waige-waige ana neman mai kyan rubutu, wani ya tuna cewa ni malamin tarihi ne a sakandare, sai aka yi tafi. Na ɗauka girmamawa ce.

Benen hawa huɗu ne har da na ƙasa, gida goma sha shida, kowane gida da mai shi da ƙuri'arsa ɗaya. Mukan yi taro Lahadin farko ta kowane wata, da yamma, a ƙarƙashin matakala inda ake jingine kekuna. Kowa ya zo da kujerarsa. Ni in zo da tawa, da baƙin littafi mai kaurin bango wanda nake rubuta abin da aka tattauna a ciki.

Ina da ɗabi'u biyu wajen wannan rubutu, kuma a lokacin alfahari nake yi da su. Ta farko, ba na sa sunan kowa. Idan na hawa na biyu ya kira na ƙasa ɓarawon ruwa, sai in rubuta cewa an yi musayar ra'ayi. Maƙwabta ne, gobe za su haɗu a ƙofa. Ta biyu ba ni na ƙirƙiro ta ba, shugabanmu na lokacin ne, wani likitan haƙori mai sanyin murya. Duk maganar da ta ƙi ƙarewa, da zarar ya ga an fara naɗe kujeru sai ya ce, "To, Sakatare zai duba." Kowa ya yi ajiyar zuciya, ni kuma in rubuta. Ba mai tsammanin zan duba ɗin. Sallama ce kawai, kamar a ce a gaida gida. Famfon da ke yoyo, ƙwan fitilar da ya mutu, kyanwar da ba ta da mai ita, duk Sakatare zai duba.

Akwai ƙarfen da ake dafawa a matakala, tsakanin hawa na uku da na biyu. Ya daɗe yana rawa. Sau shida ana kawo maganarsa a taro, sau shida Mai Taya yana kashe ta.

Mai Taya yana da shagon tayoyi a bakin babban titi, gidansa kuma a ƙasa yake, daidai ƙofar shiga, saboda haka matakala ba ta cikin rayuwarsa. Mutum ne mai tumbi da tarin makullai a ƙugu, da murya irin ta wanda ya saba magana ana buga guduma a kusa da shi. Sau ɗaya tak ya hau ya ga ƙarfen. Ya girgiza shi, ya sauko yana haki ya ce, "Wannan? Malam, ƙarfen nan sai ya binne ni da kai da jikokinmu. Masu walda ne kawai ke neman na cefane." A taron maƙwabta, duk wanda ya ce kada a biya shi ne mai hikima. Aka gyaɗa kai, aka naɗe kujeru, likita ya faɗi abin da ya saba faɗa, na rubuta.

A hawa na uku akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Tela ce da ta ajiye keke, mijinta ya rasu, ita ta ɗinka wa 'ya'yana mata kayan makaranta tun daga na fari har auta, kuma ba ta taɓa yarda na biya ta na autar ba. Ba ta zuwa taro saboda gwiwa. Wata safiya ta sauko za ta asibiti karɓo magani, ta dafa ƙarfen, ƙarfen ya tafi da ita. Ƙugu ya karye. Sau biyu aka yi mata aiki.

Ɗanta ya ɗauki lauya, kuma ban ga laifinsa ba. Lauyan ya je ofishin da aka yi wa ƙungiyar benenmu rajista ya nemi sunayen masu muƙami. A nan muka gano cewa likitan haƙori ya kai takardar murabus sati uku kafin abin ya faru, ya kuma manta bai gaya wa kowa ba. Ma'ajinmu ya sayar da gidansa tun bara an soke sunansa. Suna ɗaya ya rage a takardar.

Mijin ƙanwata lauya ne. Na kai masa littafin ofishinsa, ya zauna yana buɗa shafuka yana lasar yatsa.

Na ce, "Aikin sa kai ne fa. Ko sisi ban taɓa karɓa ba."

Ya ce, "Yaya, ba za a tambaye ka nawa aka biya ka ba. Za a tambaye ka me ka sani, yaushe ka sani, me ka yi." Ya juyo mini da littafin. Ya riga ya sa 'yan takardu a wuri shida. "Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa."

"Ka duba?"

Na yi masa bayanin cewa sallama ce kawai, kamar a gaida gida. Ya cire tabarau ya goge, ya dube ni yadda nake duban ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida.

Duk da haka ya ce da sauran mafita. Idan aka nuna cewa taro ne ya ƙi a yi gyara, nauyin zai bazu a kan gidaje goma sha shida, kowa ya ɗauki abin da ba zai karya shi ba. Sai dai littafina ba suna a ciki, ba wanda ya ƙi komai, musayar ra'ayi ce zalla. Ana buƙatar mutum ɗaya ya buɗe baki ya faɗi yadda aka yi. Maƙwabtana suka kamu da mantuwa gaba ɗaya, ban da mutum ɗaya. Mai Taya ya rubuta wa lauyan ɗan Gwaggo takarda, ya sa hannu, cewa shi da kansa ya sha gargaɗin Sakatare a kan ƙarfen, har roƙona ya yi. Bai tsaya nan ba. Ya hau har hawa na uku, karo na biyu a rayuwarsa, da ledar lemu a hannu, ya zauna gaban Gwaggo ya maimaita mata.

Aka sasanta a wani ɗaki mai fanka ɗaya da kujerun roba. Na sayar da motata da filin da na saya don ranar ritaya, na biya diyyar ni kaɗai. Waɗannan na iya haƙura da su, motar ma dama ta fara cin mai. Abin da na kasa haɗiyewa daban ne. Ni a hawa na huɗu nake, na ƙarshe, dole in wuce ƙofar Gwaggo safe da yamma. Takan zauna a bakin ƙofar da ƙarfen da take dogarawa wajen tafiya a gefe, tana shan iska. In ce, "Gwaggo, ina kwana?" Sai ta juya ta kalli bango. Shekara biyu tana kallon bangon nan, ni kuma ban fasa gaisuwar ba ko rana ɗaya, domin kowace safiya tana tuna mini da aikin da ke gabana.

Na yi murabus yadda ake yi, na karɓo shaida mai hatimi na sa a cikin leda. Ba wanda ya yarda ya sake riƙe muƙami. Shekara guda da rabi benen ba kwamiti, shara ta taru a ƙofa, fitilun matakala suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Na jira har mutane suka gaji.

A wannan lokacin ne na lura da jar tsatsa tana gangarowa a bangon waje, daidai tagar ɗakin kwananmu. Tankin ruwan benen a kan rufi yake, bisa ƙafafun ƙarfe huɗu, kuma ƙafafun a saman gadona suke. Na kira mai walda muka hau. Ya ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da ƙaramar guduma, ɓawon tsatsa ya zubo kamar na busasshen burodi.

Ya ce, "Ba yau ba, ba gobe ba. Amma ba zai ga baɗi ba."

Na ce ya rubuta mini a takardar shagonsa, ya sa kwanan wata. Na ce rabin farko ba sai ya sa ba.

Washegari na tafi shagon tayoyi. Yana zaune a kan wata ƙatuwar tayar babbar mota yana danna waya, warin roba ya cika wurin.

"A'a, Malam! Taya ka zo saya? Au, na manta." Ya yi dariya har makullansa na kaɗawa. Na taya shi.

Na ce masa bene ya lalace, mutane na ta magana. An gwada likita, an gwada malamin makaranta, duk 'yan boko, ga inda suka kai mu. Yanzu ana neman mutumin da ya san ƙarfe, ya san kasuwa, wanda in ya yi tsawa za a ji.

Ya ajiye wayar. "Su wa ke cewa haka?"

"Kowa. Kunya ce ta hana su zuwa."

Ya kanne ido ɗaya. "Kai ba ka riƙe ni a zuciya ba?"

"A kan me? Abin da aka ƙaddara ne. Ni dai ba zan sake riƙe muƙami ba, sunana ya ɓaci. Amma idan kana so in riƙa rubuta maka littafi, kamar ɗan aike, ba suna a rajista, zan yi."

Kalmar ɗan aiken ce ta yi masa daɗi, na gani a fuskarsa.

Aka zaɓe shi ba hamayya. Kujerar sakatare da ta ma'aji aka bar su babu kowa, domin ba wanda ya yarda, shi kuma ya ce hakan ya fi, hannu da yawa ke ɓata aiki. A taron na miƙe na roƙi a yi 'yan gyare-gyare don darajar sabon Shugaba. Na ce daga yau a riƙa rubuta sunan duk wanda ya yi magana, domin 'yan baya su san wa ya gyara benen nan. Na ce kuma raini ne a ce wani ɗan aike zai duba, ga Shugaba a zaune. Duk maganar da ba ta ƙare ba a rubuta cewa Shugaba zai duba, ya sa hannu a ƙasan shafi. Da na ga yana ta gyaɗa kai sai na ƙara da cewa kada a sake yi mana irin gudun likita: Shugaba ba ya sauka sai an zaɓi wanda zai gaje shi. Likitan haƙori yana wurin, ya tsura wa takalminsa ido. Aka yi tafi. Ni da kaina na raka Mai Taya ofishin rajista, na riƙe masa jaka.

Cikin sati ya sa aka yi masa hatimi mai zagaye, da kalmar SHUGABA a tsakiya. Ya riƙa buga shi a kan komai, har sanarwar ranar kwashe shara.

A taro na gaba na karanta takardar mai walda da ƙarfi, kalma bayan kalma, ban ɓoye komai ba. Ina gamawa ya ɗaga hannu.

"Masu walda kuma! Ku ji ni da kyau, ƙarfen tankin nan sai ya binne mu duka."

Na ce, "In rubuta haka, Shugaba?"

"Rubuta! Da sunana."

Na rubuta da sunansa. Aka fara naɗe kujeru, na ƙara layin ƙarshe, ya sa hannu, ya hura wa hatimi iska ya danna. Wata na biyu na sake karantawa, aka sake yi. Wata na uku ma haka. Rubutuna bai taɓa yin kyau kamar na waɗannan shafuka uku ba.

Matata ba ta zuwa taro, amma tana da ido. Ranar da na ja katifarmu na kai falo, na ce ɗakin ya cika zafi, ta tsaya a ƙofa da hannu a ƙugu.

"Shekara goma sha tara muna kwana a ɗakin nan, yau ya yi zafi? Baban yara, me ke kan rufin nan?"

Na gaya mata. Ta zauna a hannun kujera.

"Wato tanki zai faɗo mana a ka, kai kuma kana can kana gyara rubutu."

"Ba yau ba, ba gobe ba. Mai walda ya ce."

"Mai walda a nan yake kwana?"

Na ce ta ba ni wata ɗaya.

Da safe na sa aka yi mini kwafin shafuka tara, shida na da da uku na yanzu, na kai shago na shimfiɗa su a kan tayar da yake zama. Na jera su biyu-biyu yadda zai ga kamar da ke tsakaninsu. Na ce ya nuna wa lauyansa, in yana da shi, in ba shi da shi akwai mijin ƙanwata, yana da sauƙin kai. Ya ce in kwashe tarkacena. Na bar masa su.

Bayan kwana biyu na ji haki a matakala. Sai da ya huta a kowane hawa. Ya iso ƙofata gumi ya jiƙa masa riga, ya wuce ni ya hau rufi, ya daɗe, ya sauko da tsatsa a tafin hannu.

"Malam, ashe mugu ne kai."

"Ɗan aike ne, Shugaba."

Lauyansa ya gaya masa abin da nawa ya gaya mini, da ƙari. Ni ƙugun tsohuwa na biya. Tanki cike da ruwa idan ya huda rufi, ba maganar sayar da mota ake yi ba, ana maganar shago da gida, watakila da ɗakin da ake kullewa ta waje. Ga takardar mai sana'a, ga sunansa, ga hatimi har uku.

Ya fara da murabus. Na nuna masa shafin da ya sa wa hannu, ya bi gida-gida yana neman magaji, kowa ya ce ai shi ne ya dace, Allah ya ƙara masa lafiya. Sai ya sa aka zubar da ruwan tankin aka rufe. Kwana biyu mutane na hawa da bokitai, matakala ta jiƙe sharkaf, ma'aikaciyar jinya ta hawa na biyu ta zame ta zauna daɓas, ta tashi tana tambayar sunan lauyan ɗan Gwaggo. Kafin magariba aka mayar da ruwa. Ya ce to zai kira masu aiki da kansa, ko da zai ci bashi. Na buɗe masa wata tsohuwar ƙa'ida: ba mai taɓa kayan bene, ko da kuɗinsa ne, sai gida tara sun ɗaga hannu a taro, kowa da kansa, ba saƙo. Wanda ya taɓa ba izini, duk abin da ya biyo baya nasa ne. Shi ya kawo ƙa'idar shekarun baya, don kada likita ya kashe kuɗi a bayan idonsa. Ba suna a shafin, amma ya gane muryarsa.

Ya kira taron gaggawa. Ban taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba. Ya ce 'yan'uwa, ya ce rayuka, ya ce amana. Wani mai gyaran agogo daga hawa na biyu ya ce, "Shugaba, ba kai ka ce ƙarfen sai ya binne mu ba?"

"Shi ne ai abin da nake tsoro!"

Aka yi dariya, aka ɗaga hannu. Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Takwas. Masu gida uku suna wasu garuruwa, 'yan hayarsu ba su da ƙuri'a. Gwaggo ba ta saukowa. Likitan haƙori tun abin da ya faru bai sake ɗaga hannu a kan komai ba, ko gaisuwa da ka yake yi. Maƙwabtan Mai Taya biyu na ƙasa suna da famfonsu daban, kuma su ne ɗalibansa da suka fi haddace karatu. Suka ce masu walda na neman na cefane.

Ya juyo gare ni. "Malam, hannunka."

"Yana rubutu, Shugaba."

"A kanka tankin yake fa!"

"Na sani. Kai kuma a kanka takardar take."

Aka ɗaga taro zuwa Lahadi. A satin nan matata ta kwashe kayan sawarta da hotunan yara daga ɗakin kwana, ta daina yi mini magana sai ta hanyar ajiye kwano da ƙarfi. Ranar Laraba aka yi iska mai ƙarfi da rana, na ji wani abu ya yi ƙara a sama kamar tsohuwar ƙofa. Ina zaune ina gyaran takardun jarrabawa, na ba wani yaro maki goma a kan amsar da ban karanta ba. Ba zan ce ban ji tsoro ba. Amma da yamma na wuce hawa na uku, na yi gaisuwa, aka kalli bango, tsoron ya koma inda ya fito.

Ranar Alhamis ya sake hawowa. Wannan karon da ledar lemu.

Na ce, "Ka ajiye lemun, na san aikinsa."

"Me kake so? Mota? Zan nemo maka mota."

"Ina so ka tsaya a taro ka faɗi wanda ya hana a gyara ƙarfen matakala sau shida. Ka faɗi ko ka taɓa gargaɗina. In rubuta, ka sa hannu, ka buga abin nan naka mai zagaye."

Ya jingina da bango. "So kake ɗan Gwaggo ya maka ni a kotu."

"Ban san abin da zai yi ba, ba ni na haife shi ba. Ƙarfe biyu ne a gabanka, ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙin ɗauka."

"Muna sallah a sahu ɗaya, Malam."

"Lokacin da ka rubuta takardar ma a sahu ɗaya muke."

Ya sauka ya bar lemun. Matata ta raba wa 'yan haya.

Ranar Lahadi ba kujerar da ta rage a gida. Har waɗanda ba su da ƙuri'a sun zo, sun tsaya tsakanin kekuna. Matata ta tsaya a kan matakala ta harɗe hannu. Mai Taya ya miƙe, ya gyara makullansa, ya ce yana so ya yi wani ɗan bayani a kan abin da ya wuce. Ya ce a lokacin an samu rashin fahimta tsakanin ɓangarori.

Na rufe biro na ajiye a kan littafi.

"Shugaba, wannan irin rubutuna ne na da. Yanzu suna muke sawa."

Ya dubi mutane, ya dubi sama, inda hawa uku da tanki suke. Sannan ya faɗa, da ƙaramar muryar da ban san yana da ita ba. Ya ce shi ne ya hana gyaran ƙarfen matakala duk lokacin da aka kawo maganar. Ya ce bai taɓa gargaɗin Sakatare ba, ko sau ɗaya. Ya ce takardar da ya rubuta wa lauya ba gaskiya ba ce, tsoro ya ji kada a zo kansa.

Mai gyaran agogo ya ce, "Ai duk mun sani." Wasu suka gyaɗa kai, mantuwarsu ta warke a lokaci ɗaya. Na rubuta wannan ma, da suna, na ga gyaɗa kan ya tsaya.

Na karanta masa abin da na rubuta a hankali, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya shifta. Ya sa hannu. Ya ɗauko hatimi, bai hura masa iska ba, ya danna. Aka kira ƙuri'a, hannu takwas suka tashi. Na busa tawadar, na rufe littafi, na sa shi a ƙarƙashin cinyata, sannan na ɗaga nawa.

Matata ta ce daga kan matakala, "Saura ka mayar da katifar da kanka."

Masu aiki suka zo ranar Talata. Ni kuma ranar Litinin da yamma na tsaya a hawa na uku da kwafin shafin a hannu. Tana zaune inda ta saba.

"Gwaggo, ina wuni? Takarda na kawo zan karanta miki. Ba sai kin amsa ba."

Ta kalli bango, na karanta wa bangon. Na karanta har kwanan wata da abin da ke cikin hatimin. Da na gama ta shiga murza bakin mayafinta da yatsu kamar mai duba ɗinki.

"Ya kawo mini lemu," in ji ta. "Ya zauna a nan, ya yi hawaye."

"Na ji labari."

Ta juyo ta dube ni, karo na farko cikin shekara biyu. Idon bai yi laushi ba.

"Kai kuma, ɗan nan, sau nawa kake hawa matakalar nan a rana? Ba ka ji ƙarfen na rawa ba? Sai an gargaɗe ka?"

Na buɗe baki, na tuna da fuskar mijin ƙanwata yana goge tabarau, na rufe.

"Na ji, Gwaggo."

"To." Ta miƙo hannu. "Ba ni takardar. Ɗana zai zo Asabar."

"Biyu na yi. Ɗaya taki, ɗaya ta lauyansa."

Ta karɓa ta ninke su gida huɗu, ta goge ninkin da farce yadda take yi wa yadi, ta tura ƙarƙashin matashin kujera. Na juya zan hau.

"Lafiya lau," ta ce a bayana. "Ya yaran?"

Daga ƙasa ina jin Mai Taya yana yi wa wani tsawa a kan inda za a ajiye sabon ƙarfe. Har yanzu shi ne Shugaba. An nemi magaji a taro biyu ba a samu ba, kuma duk lokacin da aka tambaye ni nakan ce, a ganina, ba wanda ya fi shi cancanta.